Kukis mai ɗanɗanon mohito: da giyar rom, da filebo, ko da mazarƙwaila?

Ana saura mako uku bikin 'yarta, wata Hajiya da na daɗe ina yi wa kayan fulawa ta turo mini hoto a waya. Kukis ne farare tas, an zuba musu aisin (kwaɓaɓɓen garin sukari) a sama, an yayyafa wani abu kore-kore kamar gogaggen ɓawon lemo. Ta biyo da saƙon murya: "'Yar nan, amarya ce ta gani ta nace, wai shi take so a saka a kayan rabo. Za ki iya?" Na ce, "Hajiya, ki ba ni zuwa gobe in duba abin da ake haɗa shi da shi." Da na bibiyi bayanin sai na tarar abu uku ne ke ba shi ɗanɗano: na'a-na'a, lemun tsami, da giyar da ake kira rom, babban cokali biyu a cikin kwaɓi, wani cokalin kuma a cikin aisin. Amarya ba ta san da na ukun ba, Hajiya ma ba ta sani ba. Hoto kawai suka gani ya burge su.

Ɗanɗanon an aro shi ne daga wani abin sha na ƙasar Kyuba mai suna mohito. Ana zuba sukari da ruwan lemun tsami a kofi, a ɗan daddanna ganyen na'a-na'a a ciki har ƙamshinsa ya tashi, a zuba farar rom, a cika da ƙanƙara da ruwan soda. A birnin Habana akwai wani gidan abinci, La Bodeguita del Medio, da aka buɗe a 1942, wanda masu yawon buɗe ido ke yi wa layi saboda wannan abin sha. Daga baya masu gashi a Amurka da Turai suka riƙa kwaikwayon ɗanɗanon a kek da kukis. Kukis ɗin da ake ɗora shi a kai kuwa shi ne mafi sauƙin duka: bota, sukari, ƙwai, fulawa. Ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi na kansa, shi ya sa duk abin da kika saka masa yake fitowa fili, kuskure ma haka.

Tun daga wancan aikin nake ta kwaɓa wannan kukis ta hanyoyi daban-daban. Duk mai son yin sa za ta tsaya a kan zaɓi uku: me za ta yi da maganar rom, wace irin na'a-na'a za ta saka kuma ta yaya, sannan ina lemun tsami zai shiga. Zan fara da wanda ya fi damun mutane, ko da yake a baki ba shi ne ya fi tasiri ba.

Maganar rom

Da rake ake yin rom. Idan masana'anta ta tafasa ruwan rake ta cire farin sukari, akwai wani baƙin ruwa mai kauri da danƙo da ke saura. Shi ake jiƙawa da ruwa da yis har ya yi tsami ya zama barasa, sannan a tace shi ta hanyar turara. A wasu tsibirai kamar Martinik da ruwan raken kai tsaye suke yi. Yawancin rom da ake sayarwa kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar sinadarin maye ne.

Abin da za ki fi ji daga masu saka ta a gashi shi ne, "ai zafin oben yana ƙone barasar duka." Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ina so ki riƙe ta da kyau domin da ita ake shigar da mutane. Gaskiya ne sinadarin maye yana tafasa a digiri 78 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa da ruwa da ke tafasa a 100. Amma idan ya gauraya da ruwa da mai da fulawa ba ya tashi gaba ɗaya lokaci guda. A 1992 masu bincike a Jami'ar Idaho da Jami'ar Jihar Washinton, tare da Ma'aikatar Noma ta Amurka, sun auna abin da ke saura a abinci bayan dahuwa. Alƙaluman da ma'aikatar ke amfani da su sun nuna abincin da aka gauraya da barasa aka gasa ko aka dafa na minti 15 yana riƙe kusan kashi 40 cikin 100 na barasar, na minti 30 kashi 35, na awa ɗaya kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Wanda ba a ɗora a wuta ba aka bari ya kwana, kashi 70 ke saura. Gwajin a kan nama da miya da kayan zaƙi aka yi shi, kuma kukis da yake siriri yana iya zubar da fiye da haka, amma minti 10 zuwa 12 kacal yake yi a oben. Aisin kuwa ko wuta ba ya gani.

Mu yi lissafi don kada a zuzuta abin kuma kada a raina shi. Babban cokali biyu mililita 30 ne, a ciki akwai mililita 12 na sinadarin maye. In kashi 40 ya saura, kusan mililita 5 ke nan a raba wa kukis 24. Ba abin da zai bugar da kowa ba ne. Amma yana nan, kuma da hannunki kika buɗe kwalbar giya kika zuba. Ga Musulma maganar a rufe take tun daga sayen kwalbar, kuma hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne sananne ne a wurinmu. Ko wadda addininta bai hana ta ba, in kayan rabo za ta yi, ba ta san hannun da zai shiga ba: yara, masu juna biyu, wanda likita ya hana, wanda ya sha fama kafin ya rabu da shaye-shaye.

To me mai saka ta ke samu a madadin wannan duka? In farar rom ce, irin ta mohito na ainihi, kusan babu komai. Salon rom ta Kyuba, wanda Facundo Bacardí ya shahara da shi tun 1862 a Santiyago, ana tace ta da gawayi ne musamman don a rage mata launi da nauyin ƙamshi. Abin da aka riga aka sauƙaƙa haka, in ya haɗu da bota giram 170 da zafin oben, ɗan abin da ya rage na ƙamshinsa ɓacewa yake. Shi ya sa masu gashi da yawa ke komawa ga baƙar rom, wadda ta daɗe a ganga ta katako ta ɗauko ƙamshin fanila da na ƙonannen sukari. Ki lura da wannan: abin da suke nema a cikinta ƙamshin rake ne da aka dafa, da fanila. Dukansu biyun ana samun su ba tare da giya ba.

Hanya ta biyu ita ce filebon rom na kwalba, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan kek. Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin iri biyu ne kuma kwalabensu sun yi kama. Akwai wanda aka narkar da ƙamshin a cikin barasa, wani ma da rom ta gaske a ciki. Akwai kuma wanda aka haɗa ƙamshin da sinadarai aka narkar a gilisarin ko furofilin gilaikol, babu barasa. Ba yadda za ki bambance su sai kin juya kwalbar kin karanta jerin kayan haɗi. In kin ga an rubuta alcohol ko ethanol ko rum a cikin jerin, na farkon ne. Na taɓa shiga wani shago na tambayi yaron da ke tsaro, ya ce mini, "Anti, wallahi ba komai a ciki, ƙamshi ne kawai." Ban yi zaton ƙarya ya shirya ba, bai karanta ba ne. Da na kai kwalbar bakin ƙofa wurin haske, kalma ta biyu a jerin ita ce barasa. Tun ranar na daina sayen duk wani filebo da aka ɗura a 'yar kwalba marar takarda, komai arharsa.

Wannan bincike bai tsaya ga filebon rom ba. A Amurka doka ta ce ruwan fanila na ainihi sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa kafin a kira shi da sunansa, kusa da ƙarfin rom ɗin kanta. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan abin da ke shiga abinci ta irin wannan hanya, inda barasar ba don sha aka saka ta ba, kuma wannan hukunci ne da za ki nema wurin malamin da kika amince da shi. Ni dai na huta da fanila ta gari, wato hodarta.

Filebon da babu barasa yana aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Yana jure zafi, ba ya canja launin kwaɓi, kukis ya fito fari kamar na hoto, kuma kwalba ɗaya za ta yi miki aiki da yawa. Aibinsa biyu. Na farko, tsakanin daidai da wuce gona da iri ɗigo uku ne. Rabin ƙaramin cokali ya ishi fulawa giram 300. Kika ƙara, sai ya koma warin ruwan da ake goge jan farce da shi, domin sinadaran ƙamshin dangi ɗaya ne. Na biyu ya fi nauyi ga mai sana'a: baƙon da ya san warin abin zai shinshina ya ajiye, kuma ba za ki kasance a wurin ba balle ki nuna masa takardar kwalba. Magana ɗaya ta fita cewa wance tana saka giya a kayanta, shekara ba za ta wanke ki ba.

Hanya ta uku ita ce tawa, kuma tana kasuwar kowane gari: mazarƙwaila. Ruwan rake ne aka matse aka dafa a babban kasko har ya yi kauri, aka zuba a mazubi ya daskare, kamar yadda ake yi a Makarfi da sauran garuruwan rake na ƙasar Zazzau. Ba a cire mata komai ba, don haka wannan baƙin ruwan da ake yin rom da shi yana nan cikinta, sai dai bai taɓa yin tsami ba. Ki fasa dunƙule ɗaya ki kai hanci: akwai ƙamshin hayaƙi kaɗan, da na dafaffen rake, da wani ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi a can ƙasa. Ki haɗa wannan da fanila ta gari kan cokali, kin sami abin da masu baƙar rom ke bi.

Tana da nata sharuɗɗa. Kada ki maye gurbin sukarin duka da ita, kashi ɗaya cikin huɗu ya isa: farin sukari giram 150, mazarƙwaila giram 50. In ta fi haka za ta danne na'a-na'a, kukis ya koma ɗanɗanon alewa. Tana jan danshi, saboda haka kukis ɗinta ya fi laushi kuma ya fi saurin yin ja a wuta. Launinsa ba zai yi fari ba, zai yi kamar ƙasa-ƙasa mai haske. Sannan ba kowace mazarƙwaila ce mai tsabta ba, akan sami ɓurɓushin rake ko tsakuwa. In mai kyau ce busasshiya, ki goga ta a abin goga kuɓewa mai ƙananan ido ki tankaɗe. In kina shakka, ki narka ta da ruwa babban cokali ɗaya a wuta kaɗan-kaɗan, ki tace da rariya mai laushi, ki bari ta huce sarai kafin ta taɓa bota.

Akwai hanya ta huɗu, a bar maganar gaba ɗaya, ba rom, ba filebo, ba mazarƙwaila. Mohiton da ake zuba wa baƙi a wuraren biki a Kano ko Abuja na'a-na'a ne da lemun tsami da sukari da soda, kuma shi ne ɗanɗanon da yawancin masu cin kukis ɗinki suka sani da wannan suna. Kukis ɗin zai fito fari, mai kaifin ɗanɗano, sai dai ba shi da zurfi, ka ci ka manta. In launi ne ya fi muhimmanci ga mai oda, wannan ce hanyar da ba ta da haɗari ko kaɗan.

Na'a-na'a, inda aikin yake lalacewa ko ya yi kyau

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ke raba kukis mai daɗi da wanda za a gutsura a ajiye, wannan ne. Na'a-na'a ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda muke jefawa a shayi, mai ganye kore shar mai ɗan kaushi, ƙamshinta mai daɗi ne mai taushi, daga wani sinadari da ake kira carvone da Turanci. Akwai kuma mai yaji, wadda ke cike da mental, sinadarin nan da ke sanyaya maƙogwaro a alewar TomTom da man goge baki. Wadda ake saka wa mohito a Kyuba, da suke kira yerba buena, 'yar uwar ta farkon ce. Matsalar ita ce mafi yawan filebon na'a-na'a na kwalba daga mai yajin ake yin sa. Kika ɗiga shi a kwaɓi kika haɗa da lemun tsami, abin da zai fito shi ne kukis mai ɗanɗanon makilin. Ba na ba da shawarar sa ko kaɗan, sai in takardar ta nuna daga irin ta shayin aka yi shi, shi ma ɗigo biyu ko uku.

Busasshen ganye kuma fa? Yana da arha, yana ajiyuwa, ana samun sa kowane lokaci. Amma bushewa tana tafiya da kaifin ƙamshin ta bar wani ɗanɗano kamar na ciyawa. A shayi ruwan zafi yana farfaɗo da shi, a kwaɓin kukis babu isasshen ruwan da zai yi wannan aikin, sai ki riƙa tauna baƙaƙen ɗige-ɗige marasa daɗi. In ba ki da wani sai shi, ki niƙa shi lilis ki tankaɗe, ƙaramin cokali ɗaya, ki jiƙa shi a cikin narkakkiyar bota mai ɗumi na ɗan lokaci. Zai yi, amma na biyu ne.

Ɗanyen ganye shi ne gaskiyar magana, kuma hanyar shigar da shi biyu ce masu kyau, ɗaya marar kyau. Marar kyau ita ce a yayyanka a watsa cikin kwaɓi. Ganyen yana baƙi a wuta, ƙamshin ya tsaya a inda guntun yake, sauran kukis ɗin babu komai.

Ta farko mai kyau ita ce a daka shi da sukari. Ki tsinke ganye cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 15, ban da itacen. Ki wanke, ki shanya a kan tsumma mai tsabta har ya bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa ɗaya zai mai da sukarin kunu. Ki zuba shi da farin sukarin a bilenda ko ƙaramin turmi. Turmin kada ya zama wanda ake daka yaji ko daddawa a ciki, katako ba ya manta wari, komai wankin da aka yi masa. Ƙwayoyin sukarin su ne ke yaga ganyen su tsotse mansa. Za ki ga sukarin ya koma kore mai haske, ya yi danshi kamar yashin bakin rafi, ɗakin girki duk ya ɗauki ƙamshi. A nan ne kuma za ki goga ɓawon lemun tsamin ki murza su tare da yatsu. Da wannan sukarin za ki buga bota. Amfaninta ƙamshi yana shiga ko'ina, kuma botar tana buguwa ta yi sauƙi yadda ake so. Koren ba zai tsaya ba, wuta da tsami suna mai da shi ruwan ganyen da ya fara bushewa, ki san da haka tun farko.

Ta biyu ita ce a jiƙa ganyen a bota. Ki narka botar a wuta kaɗan, ki murje ganyen a hannu ki zuba, ki sauke, ki rufe minti 30, ki tace ki matse, sannan ki sa a firij ta sake daskarewa. Ƙamshin da wannan ke bayarwa ya fi taushi da tsabta, babu ɗigon ganye ko ɗaya, kukis ya fito sumul. Farashinta lokaci ne da wutar lantarki, kuma botar da ta narke ta sake kamawa ba ta riƙe iska kamar sabuwa, don haka kukis ɗin ya fi nauyi da ɗan tauri-tauri. Ga odar da ake son fari mai kyan gani, wannan ce. Ga na gida ko na sauri, daka da sukari ya fi, kuma ni a bakina shi ya fi kama da mohiton kofi, inda ake jin ɗanyen ganye.

Kalar kore ta kwalba ba na saka ta. Tana yi wa mai ci alkawarin ɗanɗanon da ba ita ke kawo shi ba, kuma da mazarƙwaila launin da take bayarwa ba shi da kyan gani.

Lemun tsami: ɓawo a ciki, ruwa a sama

Ƙamshin lemun tsami a fatarsa yake, cikin ƙananan ramukan mai da ke kan koren ɓawon. Tsamin kuma a ruwan yake. In kika zuba ruwan da yawa a kwaɓi, kin jawo abu biyu: fulawar ta sha ruwa ta yi danƙo, kukis ya yi tauri kamar burodi, sannan tsamin ya tayar da bekin foda tun kafin a shiga oben. Kuma bayan gashi tsamin ma ba ya fitowa sosai. Saboda haka ɓawo a kwaɓi, ruwa a aisin.

Ƙananan lemun tsaminmu na kasuwa, masu 'ya'ya da siririn ɓawo, irin su ne ake nomawa a yankin Karebiyan, kuma sun fi manyan nan marasa 'ya'ya na manyan kantuna ƙamshi. Wahalarsu gogawa, don fatar siririya ce, hannu ya ɗan nutsa kin kai ga farin da ke ƙasa, shi kuwa ɗaci ne zalla. Ki zaɓi kore masu tauri masu sheƙi, ki goga sau ɗaya a kowane wuri ki juya. Huɗu ko biyar za su ba ki babban cokali ɗaya. Manyan sun fi sauƙin gogawa, biyu sun isa, amma ki wanke su da ruwan ɗumi ki goge domin akan shafa musu kakin da ke hana su bushewa a hanya. Wanda ya riga ya yi rawaya ki ajiye shi don ruwa.

Bota ko majarin, mulmule ko yanke

A nan ba sai na ja magana ba. Bota ta gaske, mai kitse kashi 80 zuwa 82 cikin 100, ita ce ke ɗaukar ƙamshin ganye da ɓawo ta riƙe. Majarin na gashi mai tauri yana aiki kuma ya fi jure zafin gari, sai dai nasa filebon yana gogayya da na'a-na'a. Mai laushin nan na shafa wa burodi ruwa ya yi masa yawa, kukis zai baje a faranti. Man shanu yana da ƙarfin da zai rufe komai, balle wanda aka soya da albasa.

Ga ma'aunin da na tsaya a kai, mai ba da kukis 24: fulawa giram 300, bota giram 170, sukarin da aka daka da ganye giram 150, mazarƙwaila giram 50, ƙwai ɗaya, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, fanila ta gari kan cokali, gogaggen ɓawo babban cokali ɗaya. A buga bota da sukari da mazarƙwaila har su yi haske, a fasa ƙwai, a zuba kayan gari a juya da muciya daidai su haɗe, a daina. Kwaɓin ya huta a firij aƙalla minti 30. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, wannan hutun dole ne, in ba haka ba botar za ta narke tun a hannunki. In wuta ba ta da tabbas, ki kwaɓa da asuba, ki ɗora kwanon a kan ƙanƙara a cikin kula.

Daga nan ko ki mulmula ƙwallaye ki birkiɗa su a sukari ki ɗan danna, ko ki murza ki yanka da abin yanka. Na mulmule ya fi laushi a ciki, ya fi sauri, kuma shi ya dace da mazarƙwaila. Na yanke ya fi kyau a leda, amma yana son ƙarin fulawa kamar giram 30 da rage bekin foda zuwa rabi don kada siffar ta ɓaci. Oben digiri 175, minti 10 zuwa 12. Ki fitar da zarar gefen ya kama, tsakiyar tana da sauran laushi, domin kowane minti na ƙari ƙamshin ganye yake ci. Mai gashi a tukunya da yashi ta san zafinta daga ƙasa yake zuwa: ta ɗaga farantin a kan murfin gwangwani, ta rage wuta, ta kuma rage mazarƙwailar zuwa giram 30, don ƙasan yana saurin ƙonewa.

Saman kuma ya danganta da lokacin shekara. Aisin suga giram 120 da ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya da rabi zuwa biyu shi ne ke kawo wannan tsamin da ke sa a ce mohito ne, kuma da hunturu kafin awa ɗaya ya bushe. Da damina yana iya wuni yana danƙo, ya manne a leda. A irin wannan lokaci gara birkiɗawa a sukarin da aka murza da ɓawo, a haƙura da rabin tsamin. Kada ki yayyafa ɗanyen ganye a kan aisin in kayan za su kwana, da safe zai yi baƙi. Gogaggen ɓawo ya fi shi riƙe launi.

Abin da na kai wa Hajiya

Na gasa kala uku na kai mata a faranti ɗaya: fari mai botar da aka jiƙa da ganye ba tare da komai na rake ba, na filebo marar barasa, da na mazarƙwaila mai dakakken sukari. Na gaya mata abin da ke cikin na hoton da dalilin da ya sa ban bi shi ba. Ta yi salati, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, da wata ce da sai dai mu ji a bakin mutane." Na filebon ko taɓa shi ba ta yi ba da ta ji sunan. Amarya ta so farin saboda ya fi kama da abin da ta gani, Hajiya da ƙannenta suka cinye na mazarƙwaila kafin a gama shawara.

A ƙarshe farin muka yi wa kayan rabo, na yanke, da aisin da ɓawo a sama, domin bikin da hunturu aka yi kuma leda mai haske za a saka shi. Na mazarƙwaila kuma aka yi wa 'yan gida da baƙin da suka kwana, a sha da shayi. Na gasa duka ana jibi biki, na zuba aisin ana gobe. Ƙamshin na'a-na'a yana kan ganiyarsa a kwana biyun farko, a na huɗu ya fara ja da baya ya bar lemun tsami shi kaɗai, don haka in odar ta fi ƙarfin gashin kwana ɗaya, kwaɓin za ki yi da wuri ki daskarar, ki gasa a kusa da ranar.